Ɗanye da Nunanne: Tarihin Kwanon Ganye Daga Zurich Zuwa Abare

A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero kuma bai isa yanka ba, akwai abincin da ba ya yankewa a ƙauyukan yammacin Zamfara. Da hantsi yarinya za ta fito daga gida da tire a ka, ta bi majalisu da bakin masallaci da hanyar gona. Abin da ke cikin tiren ganye ne: tafasa, ko rama, ko zogale, ko yaɗiya, an dafa an matse, an barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da gishiri da barkono, an yanka albasa, in da hali a ɗiga man gyaɗa. Babu nama a ciki, babu kifi, babu ƙwai, babu nono ko man shanu. A Kano kwaɗo ake ce masa, a ƙasar Sakkwato da Zamfara kuma akan ji ana cewa datu. Haka ake sayar da shi a Abare, cikin ƙaramar hukumar Anka, haka kuma a kasuwannin Gummi da Bukkuyum.

A biranen Landan da Berlin da New York akwai gidajen cin abinci da suka kafu a kan sharuɗɗa biyu. Na farko, kada a sa komai da ya fito daga jikin dabba, har zuma. Na biyu, kada zafin da zai taɓa abincin ya wuce kimanin digiri 48 a ma'aunin Salshiyas, wato ɗumin da bai kai ya dafa komai ba. Mutum yakan nemi gurbi tun kafin ranar, ya yi ado, ya biya kuɗi mai kauri, a kawo masa ganye da 'ya'yan itace da niƙaƙƙen kashu. Wanda ya dubi kwanonin nan biyu daga nesa zai ɗauka 'yan uwa ne, kuma a kwanakin nan akan ji masu cewa ai Bahaushe ya riga Bature gano wannan sirri. Maganar tana da daɗin ji, amma tarihi bai goyi bayanta ba. Kwano ɗaya ƙoshi ne ya haife shi, ɗayan kuma yunwa ce ta rene shi, kuma ƙauyen Abare ya ga abin da ya fi ƙarfin su duka biyun.

Likitan da ya ce rana ce abinci

Aƙidar cin ɗanyen ganye ta zamani ta samo tushe ne a Suwizalan, a hannun wani likita mai suna Maximilian Bircher-Benner, wanda aka haifa a 1867 ya mutu a 1939. A zamaninsa masana abinci na Turai sun ɗauki nama a matsayin sarkin abinci, ganye kuwa abin talaka. Shi sai ya juya lissafin. Ya yi imani cewa tsiro yana tara ƙarfin hasken rana a jikinsa, wuta kuma tana rage wannan ƙarfi, saboda haka ɗanyen ganye da 'ya'yan itace su ne a sama, dafaffen nama a ƙasa. A 1904 ya buɗe gidan jinya a kan tudun birnin Zurich, inda masu hali daga sassan Turai suke zuwa a ɗora su a kan ɗanyen abinci da tafiyar ƙasa da kwanciya da wuri. Daga nan ne haɗin nan na gurzajjen tuffa da jiƙaƙƙen hatsi, da ake kira muesli, ya bazu a duniya.

Baƙi daga Jamus da zuriyarsu suka kai ra'ayin Amurka. Wajen 1918 John Richter da matarsa Vera suka buɗe wani gidan abinci a Los Angeles mai suna Eutropheon, wanda ba a hura wuta a cikinsa, kuma ya yi shekaru fiye da 20 yana aiki. A watan Nuwamba na 1944 Donald Watson da wasu abokansa a Ingila suka ƙirƙiro kalmar da ake furtawa bigan, domin su bambanta kansu da masu ƙin nama amma suna shan madara suna cin ƙwai. A farkon wannan ƙarni ne rassan biyu suka haɗu suka shiga duniyar manyan gidajen abinci. Mafi suna a cikinsu shi ne Pure Food and Wine, wanda aka buɗe a New York a 2004, taurarin fim suka riƙa tururuwa zuwa cikinsa, ya kuma rufe bayan ma'aikatansa sun yi yajin aiki kan albashin da ba a biya su ba.

Abin lura a wannan tarihi shi ne inda ya tsiro. Ya tsiro ne a al'ummar da nama da sukari da farin burodi suka yi wa yawa, har cututtukan ƙoshi suka fara damun ta. Mai shiga irin wannan gida yana da ikon sayen nama, barin sa ya yi da gangan. Yana kuma da ruwan famfo mai tsafta da zai wanke ganyen, da firij da zai adana shi, da injin markaɗe, da kantin magani da zai sayi sinadarin B12, wanda ba a samun sa a ganye. Duk da wannan gata, jiki yakan yi ƙorafi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Giessen ta Jamus, aka wallafa a 1999, ya duba ɗaruruwan mutanen da suka daɗe a kan ɗanyen abinci, ya samu cewa sun rame ƙwarai, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba al'adarsu ta wata ta rikice ko ta ɗauke.

Abin da Bahaushe ke nufi da ɗanye

Harshen Hausa yana da nasa hukunci a kan wannan batu, kuma ba ɓoyayye ba ne. In mutum ya tafka ɓarna, sai a ce ya yi ɗanyen aiki. Hukuncin da aka yanke babu bincike ɗanyen hukunci ne, yaron da hankali bai game shi ba kuma mai ɗanyen kai ne. A ɗaya gefen kuma kalma ɗaya ce, nuna, take ɗaukar ma'ana biyu: mangwaro ya nuna a bishiya, tuwo ya nuna a tukunya. A tunanin Bahaushe rana da wuta aiki ɗaya suke yi, wato kai abu ga cikarsa. Inda rana ta gama aikin, sai a ci haka nan. Inda ba ta gama ba, sai wuta ta ƙarasa.

Wannan shi ne ya raba kayan daji gida biyu. Kanya da magarya da kurna da ɗinya da goriba da taura da tsada da garin ɗorawa, rana ta nunar da su, yaro yakan ci su a gindin bishiya. Haka aya da yalo da gurji da rake da takanɗa. Ganye kuwa ba a yi masa wannan sassauci ba. Tafasa, sunanta ma ya faɗi abin da za a yi mata. Ɗanyenta yana da ɗaci da wari, yana kuma ɓata ciki, sai an dafa an zubar da ruwan an matse. Rama sai an rage mata tsami da tafasasshen ruwa. Zogale sai ya daɗe a wuta, sau da yawa da ɗan jar kanwa. Rogo mai ɗaci yana ɗauke da guba mai kisa in ba a jiƙa shi an sarrafa ba. 'Ya'yan anza, waɗanda mutanen Nijar suka koma wa a yunwar 2005, sai an yi kwanaki ana jiƙa su ana canza ruwa kafin su ciwu.

Ke nan kwaɗo abinci ne mai sanyi, amma ba ɗanye ba ne. Wuta ta riga ta bi ta kansa sau biyu, ɗaya a tukunyar ganye, ɗaya a kaskon ƙuli-ƙuli. Ilimin zamani ya gaskata rabin maganar likitan Zurich, domin zafi yana lalata wani ɓangare na sinadarin bitamin C. Amma ya gaskata matan karkara fiye da haka, domin dahuwa tana tausasa ganye jiki ya iya tatsar amfaninsa, tana rage sinadaran da ke hana shan ƙarfe, tana kuma kashe ƙwayoyin cuta. A ƙasar da ake ɗiban ruwa a rijiya da tafki, wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. A annobar kwalara ta 2021, Zamfara na cikin jihohin da suka fi yawan waɗanda suka kamu. Kwaɗon ɗanyen latas da kabeji da tumatir, wanda shi ne ya fi kama da abincin Turawan, baƙo ne da ya yaɗu tare da noman rani, kuma shi ne ma'aikatan lafiya suka fi yi wa gargaɗin wankewa.

Baƙi a cikin kwano, yunwa a bayansa

Duk da ana ɗaukar kwaɗo abincin kaka da kakanni, rabin kayan haɗinsa daga nesa suka zo. Gyaɗa da barkono da tumatir da rogo 'yan asalin nahiyar Amurka ne, sun shigo Afirka ta Yamma bayan jiragen ruwan Fotugal sun fara zirga-zirga a ƙarni na 16. Zogale ɗan ƙasar Indiya ne, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin sunayensa, bagaruwar Makka, yana nuna cewa mutane sun san ta gabas ya biyo. Likitan mulkin mallaka John Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai da Hausa a littafinsa na 1916, ya tarar da waɗannan baƙi sun riga sun zama 'yan gida.

Gyaɗa ce ta sauya fasalin kwanon. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa zuwa Turai ya bunƙasa. Layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya jawo ƙasar Zamfara cikin wannan ciniki. Gyaɗar da ba ta bi jirgi ba takan ƙare a hannun mata, su soya, su niƙa, su matse mai, su murza tunkuzar su toya ƙuli-ƙuli. Abin da ya rage bayan an cire mai shi ne ya zama naman talaka, kuma ba da wasa ba, domin tunkuza cike take da sinadarin gina jiki. Ganye ya kawo ƙarfe da bitamin, ƙuli ya kawo gina jiki da maiƙo, hoce ko ƙanzo ko garin rogo ya cika ciki. Babu wanda ya rubuta wannan lissafi, amma daidai yake.

Bahaushe bai taɓa ɗaukar wannan abinci a matsayin na alfarma ba. Karin magana ya ce tuwon girma miyarsa nama. Nama na ranar salla ne da suna da baƙo da ranar kasuwa, sauran kwanaki kuwa kuka ce da kuɓewa da daddawa, ta kalwa ko ta batso. Ganye yana da lokacinsa, wato watannin da hatsin bara ya ƙare na bana bai iso ba, kuma tafasa takan fito da kanta a bakin hanya daidai wannan lokaci. A shekarun da ruwa ya ƙi, ko fara ta sauka, lokacin ganye yakan miƙe ya cinye shekara. Tsofaffi sun sa wa irin waɗannan shekaru suna: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta wajen 1942, wadda ta ɗauki sunan garin da jama'a suka riƙa nufa neman hatsi. Sai kuma farin farkon shekarun 1970. A kowace daga cikinsu, gidan da matansa suka san wane ganye ake ci, yaya ake kashe ɗacinsa, sau nawa ake zubar da ruwansa, shi ne ya fi kusa da ganin kaka. Tilas, in ji masu iya magana, ba ta rasa ɗakin kwana.

Gidan abinci mai yawo

Cin abinci a waje ma ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, siffarsa ce dabam. A ƙauye babu teburi babu takardar jerin abinci, amma kusan kowane gida yana sayar da wani abu: wannan ƙosai, wancan fura, na gaba ɗanwake ko dambu ko kwaɗo. Matar aure tana cikin gida tana dafawa, 'yarta ce ke kai wa masu saye. Masaniya Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta kira wannan ɓoyayyen ciniki, ta kuma nuna cewa abincin rana na gidaje da yawa saye ake yi, ba girki ba. Ribar ta matar ce, da ita take tara wa 'yarta kayan ɗaki, take biki, take rufa wa kanta asiri. Kwaɗo ya fi kowace sana'a sauƙin jari, tunda ganyen Allah ne ya shuka. Kuɗinsa kuwa wani ne ke biya ta wata hanya, domin yarinyar da ke yawo da tire da hantsi ba ta cikin aji.

Akwai kuma abin da ya hana wannan cima ta zama ta ganye zalla. Bafulatana takan shigo gari da ƙwaryar nono, ta koma da hatsi ko kuɗi. Furar da aka dama da wannan nono ita ce ke toshe gurbin da ganye da ƙuli ba sa iya toshewa. Abin da Bature ke saye a kantin magani, mutumin Anka a ƙwarya yake shan sa.

Shekarar da turmi ya zama guba

A farkon 2010 yara suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta hanyar da ba a saba gani ba: amai, jijjiga, suma, sai kabari. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da lamarin, gwajin jini kuma ya nuna gubar dalma ce. Binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da hukumomin Najeriya a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya gano cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara 5 ba sun mutu a cikin shekara guda. Ba a daɗe ba aka gano cutar a Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Tungar Guru, sai kuma Bagega. An ƙiyasta aƙalla yara 400 ne suka rasu, dubbai kuma suka rayu da gubar a jininsu.

Tashin farashin zinariya a kasuwar duniya ne ya ja manoma zuwa ramukan haƙa, duwatsun da suka tono kuma suna ɗauke da dalma mai yawan gaske. Hanyar da gubar ta bi ta kai ga yara ita ce hanyar abinci. Cikin gida aka riƙa kai duwatsun, ana farfasawa, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a irin injin da ake niƙa hatsi, ana shanya garin a tsakar gida inda ake shanya kuɓewa da kuka, inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. A wasu gidajen dalmar da aka auna a ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ke amfani da ita a lokacin 400 ce. Jikin yaro yana shan dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke sha, wanda kuma ke fama da ƙarancin ƙarfe ko cikinsa babu komai ya fi sha.

Tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011 aka bi Abare gida-gida, aka kankare saman ƙasa aka kwashe, aka zuba sabuwa. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka jagoranci aikin tare da gwamnatin jiha, masarautu suka sa baki aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari, MSF kuma ta ɗora yara a kan maganin da ke zuƙe dalma daga jini. Bagega sai 2013 aka samu kuɗin gyara ta. Daga baya masanan da suka yi aikin suka wallafa bincike a 2018, wanda ya nuna cewa yawancin dalmar da ke cikin abinci ba daga saiwa ta hau ba, bayan girbi ta shiga, wajen sussuka da shanya da niƙa da girki a gurɓataccen wuri.

A nan ne musun ɗanye da dafaffe ya rasa abin cewa. Dalma ba ƙwayar cuta ba ce da tafasa za ta kashe, ba kuma ɗaci ba ne da za a zubar da ruwansa. Hikimar likitan Zurich da hikimar kakannin Abare duka sun tsaya ne a kan abu ɗaya da ba a faɗa, wato cewa ƙasar da aka shanya abincin a kanta lafiyayya ce.

Dawowar tafasa

Kafin ƙurar dalma ta gama kwantawa, bindiga ta shigo. Satar shanu da ɗaukar fansa tsakanin makiyaya da 'yan sa-kai suka rikiɗe suka zama fashin daji, dazuzzukan Anka da Bukkuyum da Gummi suka zama mafakar 'yan bindiga. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, hanin bai ɗage ba sai Disambar 2024. A Satumbar 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya. A farkon Janairun 2022 aka kai hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai 200. Manomi ya koma biyan haraji kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Ƙwaryar nonon da ke shigowa gari ta yi wuyar gani a wurare da dama. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, kuma a wannan shekara gwajin da MSF ta yi a Shinkafi da Zurmi, a arewacin jihar, ya samu tamowa a jikin yaro ɗaya cikin huɗu.

A birane kuwa ganye ya samu ɗaukaka. Likitoci suna umartar masu ciwon sukari da hawan jini su yawaita shi, ana ƙulla garin zogale a leda ana sayarwa a manyan kantuna, kwaɗo ya shiga jerin abincin biki a Abuja da Kano. Wannan abin farin ciki ne, kuma yabon da matan karkara suka daɗe da cancanta ne. Sai dai yabon bai kamata ya rufe tambayar da ke raba kwano da kwano ba, wato me aka ci kafinsa, me kuma za a ci bayansa. Kwaɗon da ke gefen tuwo da fura abinci ne mai gina jiki. Kwaɗon tafasa babu ƙuli, safe da dare, a sansanin 'yan gudun hijira da ke garin Anka, suna ne kawai ya haɗa su. Ganyen yana nan yana fitowa kowace damina ba tare da an shuka shi ba. Abin da ya rage a wuyan hukuma shi ne mace ta iya fita bayan gari ta tsinko shi ta dawo lafiya, ta samu ruwa mai tsafta ta dafa, ta shanya ragowar a ƙasar da babu guba, mijinta kuma ya samu shiga gonar gyaɗarsa.